Tarihin Zaɓe A Mazaɓar Apapa Da Matsayin Ƙuri'armu

 



An nemi mu yi bayani a kan tarihin zaɓe a wannan mazaɓa tamu ta Apapa. Mun karɓi wannan aiki da hannu biyu, domin yawancinmu mun san sunan ɗan majalisar garinmu na asali, wani ma ya san lambar motarsa, amma in ka tambaye shi wane ne kansilan unguwar da ya shekara 20 yana kwana cikinta, sai ya kama susar ƙeya.

Bari mu faro daga tushe. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, a 1926 kuma aka kammala manyan matsayan jiragen ruwa na farko a Apapa. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na Arewa duk ta nan suke fita zuwa Turai. Tare da kayan nan kakanninmu suka zo, wasu fatake, wasu dillalan shanu, wasu lebura a bakin ruwa, kamar yadda cinikin goro ya zaunar da wasu a Zangon Agege. Har yau a jerin gundumomi 10 da hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ta raba Apapa, akwai mai suna Malu Road, kuma "malu" da Yarbanci saniya ke nan. Akwai kuma wadda ake kira Gaskiya. Saboda haka zamanmu a nan ba na jiya ba ne.

Zaɓen farko na 'yan majalisar dokokin Nijeriya an yi shi ne a 1923, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford. Kujeru 4 kacal aka yarda a zaɓa, 3 a Ikko, 1 a Kalaba. Mai jefa ƙuri'a dole ya zama namiji, ya shekara guda a garin, kuma yana samun fam 100 a shekara. Wannan sharaɗi na kuɗi ya fitar da talaka gaba ɗaya, lebura a bakin ruwa ko a mafarki bai ga fam 100 ba. Jam'iyyar Herbert Macaulay, NNDP, ita ta riƙa lashe kujerun Ikko har zuwa 1938, lokacin da ƙungiyar samari ta NYM ta kayar da ita. A 1950 aka buɗe ƙofa ga duk baligi, mace da namiji, a zaɓen majalisar gari, wanda ya ba Ikko magajin gari, Dakta Olorun-Nimbe. Iyayenmu mata, ku lura da wannan. Bahaushiyar da ke zaune a Ikko doka ta ba ta ƙuri'a tun 1950, alhali 'yar'uwarta da ke Kano ko Sakkwato sai a 1976 ta sami wannan dama.

A 1954 aka cire birnin Ikko daga Jihar Yamma ya zama yankin tarayya. Apapa ta faɗa cikin yankin tarayya, amma Ajegunle da Mushin da Agege suka zauna ƙarƙashin gwamnatin Ibadan. Wurin nan da muke kira Boundary, inda muke zuwa cefane, asalin sunansa ke nan: iyaka ce tsakanin gwamnatoci biyu. Mutum ya kwana a Ajegunle ƙarƙashin wata hukuma, da safe ya tsallaka ya yi aiki a Apapa ƙarƙashin wata. Sai ranar 27 ga Mayu, 1967 Janar Yakubu Gowon ya haɗe su cikin Jihar Legas.

Ba za mu daɗe a kan jamhuriya ta biyu da ta uku ba. UPN ta Cif Awolowo ce ta riƙe jihar daga 1979, da Alhaji Lateef Jakande a matsayin gwamna. A 1991 rikicin cikin gida ya raba SDP, sai Michael Otedola na NRC ya ci gwamna, abin da mutane da yawa ba su zata ba. A 1996, zamanin Janar Sani Abacha, adadin ƙananan hukumomin Legas ya cika 20, Apapa na cikinsu.

To, yau yaya aka yanka Apapa? Ƙaramar hukumar Apapa ita kaɗai mazaɓa ce ta ɗan majalisar wakilai, ɗaya daga cikin 24 da Legas ke da su. A majalisar jiha mai kujeru 40 tana da 2, Apapa ta ɗaya da Apapa ta biyu. A majalisar dattawa kuma muna cikin Legas ta Tsakiya, tare da Lagos Island da Lagos Mainland da Surulere da Eti-Osa. 'Yan'uwanmu na Agege da Ajegunle su suna Legas ta Yamma ne, sanatanmu daban, nasu daban. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane. A 2003 Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar a 2004, aka tafi Kotun Ƙoli. Kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin hukumomin ba su cika ba sai majalisar ƙasa ta shigar da su cikin tsarin mulki. Daga nan aka mayar da su yankunan raya ƙasa, kuma marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya saki kuɗin a 2007. Apapa-Iganmu, wadda ta ɗauki Badiya da Sari, ɗaya ce daga cikinsu. Tana da nata ciyaman da kansiloli, amma a wurin INEC duk Apapa ce.

Tun 1999 gida ɗaya ke riƙe da wannan yanki, suna kawai yake sauyawa: AD, sannan AC, sannan ACN, sannan APC daga 2013. Sanatocinmu su ne Tokunbo Afikuyomi a 1999, Musiliu Obanikoro a 2003 (wanda ya ci a AD ya koma PDP), Munirudeen Muse a 2007, wanda tsohon ciyaman ne na Apapa, sai Oluremi Tinubu daga 2011 zuwa 2023, sannan Wasiu Eshinlokun. Ku dubi yadda Muse ya hau, daga ƙaramar hukuma zuwa majalisar dattawa. Haka Mufutau Egberongbe ya fara da wakiltar Apapa a majalisar jiha kafin ya tafi majalisar wakilai a 2019. Mutanen nan daga ƙasa suke tasowa, mataki bayan mataki. Ita kuwa Mojisola Meranda, wadda ta shiga majalisar jiha daga Apapa ta ɗaya a 2015, ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar ranar 13 ga Janairu, 2025, bayan an tsige Mudashiru Obasa na Agege ta ɗaya. Ranar 3 ga Maris ta sauka, Obasa ya koma kujerarsa. Wato rikicin da ya girgiza jihar nan kwana 49 tsakanin wakilan unguwanni biyu ne da muka fi yawa a cikinsu, mu kuwa a rediyo muka ji, kamar labarin wata ƙasa.

A duk sunayen nan da muka lissafa babu namu ko ɗaya. Ba mu faɗi haka don mu zargi masu masaukinmu ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Su suna halartar taron jam'iyya a gunduma, suna da kati, sun san ranar fid da gwani. Tambayar ita ce, doka ce ta hana mu?

Doka ba ta hana mu ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsa. Sashe na 106 ya jera sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha: zama ɗan Nijeriya, cika shekara 25 (da 30 ne, aka rage a 2018), karatu zuwa matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da kai. Babu maganar takardar shaidar asali a ciki. Sashe na 7 kuma ya ce duk wanda ya cancanci ya zaɓa ko a zaɓe shi a majalisar jiha, yana da wannan haƙƙi a zaɓen ƙaramar hukuma. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce mutum na iya yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito.

An kuma gwada an gani. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu da ƙuri'ar mutanen garin. Nan kusa da mu, a 2015, maƙwabtanmu na Ajeromi-Ifelodun sun tura Rita Orji majalisar wakilai a PDP, Oshodi-Isolo kuma ta tura Tony Nwulu, dukansu ba Yarbawa ba ne. Abin da ya kai su shi ne mutanensu sun yanki kati a inda suke kwana, kuma sun fito ranar zaɓe. Mu abin da muka samu shi ne naɗi: Gwamna Sanwo-Olu ya ba Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina. Mun gode, amma wanda ya naɗa shi ke da ikon saukewa.

Kowa a nan ya san abin da ke faruwa mako guda kafin babban zaɓe. Motoci na cika a Ijora da Agege da Mile 12, kowa ya nufi gida. Wasu katinsu na can, wasu kuma tsoro ne, kuma ba ma raina tsoron nan. Waɗanda suka ga rikicin Oktoba 2000 a Ajegunle da Apapa, da na Idi-Araba a Fabrairu 2002, ba za a ce musu ba su san abin da suke gudu ba. A zaɓen gwamna na Maris 2023 ma an tsoratar da masu jefa ƙuri'a a wasu unguwannin Legas. Amma mu auna abin da tafiyar ke jawo mana. Lokacin da aka rushe gidaje a Badiya ta Gabas a Fabrairu 2013, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Lokacin da aka hana acaɓa a Fabrairu 2020, aka sake tsaurarawa a Yuni 2022, Apapa na cikin jerin farko duka sau biyun, kuma kowa ya san 'ya'yan waɗanda suka fi yawa a kan baburan nan. Ko mutum na ganin hanin daidai ne ko kuskure, ba mu da kowa a ɗakin da aka yanke shawarar. Ɗan majalisar da ka kashe kuɗin mota ka je ka zaɓa a Daura ko Gwadabawa, komai son da yake maka, ba shi da bakin magana a Alausa.

Kada kuma wani ya ce ƙuri'arsa ɗaya ba ta ƙara komai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Legas na da masu rajista sama da miliyan 7, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 1 cikin 5 ba. Peter Obi ya sami 582,454, Bola Tinubu ya sami 572,606. Tazarar ba ta kai 10,000 ba a jihar gaba ɗaya. In haka abin yake a sama, ku yi tunanin kujerar kansila, inda fitowar jama'a ta fi haka ƙaranci. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Yuli, 2025, wanda hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ta gudanar, APC ta ɗauki ciyamomi 57 duka da kansiloli 375 cikin 376. Wannan ya nuna mana cewa a nan ainihin kokawar a zaɓen fid da gwani ake yinta, a taron gunduma, inda mai katin jam'iyya kaɗai ake ƙirgawa. Ƙungiya ba ta ce wa kowa ga jam'iyyar da zai shiga ba, kowa ya bi ra'ayinsa. Abin da muke so shi ne a gan mu a ciki.

Akwai abin da dole mu faɗa wa kanmu. Haƙƙin da muke nema a Apapa shi ne haƙƙin mutumin Sabon Gari a mazaɓar Fagge ta Kano. In mun je gida hutu muka ji ana cewa baƙo ba shi da ta cewa a zaɓe, mu ne ya kamata mu fara gyara wa mai maganar, don mun san ɗacinta. Haka kuma neman kujera ba raina sarauta ba ne. Ojora na Ijora da sauran masu ƙasa girmansu na nan.

Game da mayar da kati: wanda ya yi rajista a gida ba ya sake sabuwa, yin rajista sau biyu laifi ne. Ofishin INEC na ƙaramar hukuma zai je da katinsa a lokacin da aka buɗe rajista, ya nemi a dawo da sunansa rumfar da ke kusa da gidansa. Dokar 2022 ta sa a yi haka aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, saboda haka kada a bari sai ganga ta fara kaɗawa. Yaran da aka haifa a nan suka cika 18, maza da mata, su nan ne ma ya fi dacewa su yanka. Muna roƙon magidanta kada a bar matan gida a baya, kuma kowane mai unguwa ya rubuta sunayen waɗanda katinsu ke Arewa ya miƙa wa sakatare kafin zama na gaba, domin a tafi ofishin a ƙungiyance, da mai jin Turanci da Yarbanci a gaba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.