Wayarka Rumbunka Ce: Wa Ke Riƙe Da Makullin?

Jama'a masu saurare, musamman fatake da makiyaya da dillalan da ke sauka Abijan, daga tashar motocin Adjamé har kasuwar Treichville, da masu kai shanu da raguna Port-Bouët.

Yau zancen waya za mu yi. Ku duba abin da ke cikin taku: hoton katin shaida, rasiɗin kaya, sunayen masu bashi, saƙon muryar da kuka yi ciniki da shi, da asusun Orange Money ko Wave. A da duk wannan a lalita yake. Yanzu kuwa rabinsa ma ba ya hannunku.

Yana ina? Abin da masana ke kira girgije ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne na kamfanoni irin su Google da Apple, a gine-ginen da ke wasu ƙasashe. Sau da yawa waya tana kwafe hotuna ta tura can da kanta. Amfaninsa, in waya ta ɓace hotuna suna nan. Illarsa, duk wanda ya samu kalmar sirrinku ya shiga rumbun, ko yana Adjamé ko yana Maradi.

To WhatsApp fa? Tun 2016 kamfanin yake kulle saƙonni yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya buɗewa. Amma a lura da abu biyu. Na farko, abin da aka faɗa ne a kulle. Lambarku, da irin wayarku, da lokutan da kuke amfani da manhajar, kamfani na tattara su. Na biyu, kwafin hirarrakin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya samun wannan makullin sai kun kunna da hannunku, kuma a 2021 aka kawo damar yin hakan. Ku sa yaron da kuka amince da shi ya nuna muku wurin, amma ku za ku zaɓi kalmar sirrin, ku kuma riƙe ta, don in ta ɓace kamfanin ma ba zai iya buɗe muku ba.

Hukumomi ba su yi shiru ba. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta Najeriya ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. A Kwaddibuwa akwai dokar kare bayanan mutum ta 2013, hukumar ARTCI ke kula da ita. A Nijar kuma HAPDP.

Sai dai ɓarawon da ya fi kusa ba a Amurka yake ba. In za ku kai gyara kasuwar wayoyi ta Black a Adjamé, ku cire layi da katin ajiya, kuma in da hali a yi gyaran a gabanku. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, amma rigakafi ya fi magani. In za ku sayar da waya, ku fitar da asusunku, ku goge komai tukuna.

Lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa, kada ku karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfani yake. Haka ma lambar sirrin asusun kuɗi. Wanda aka damfara a Abijan, ya kai ƙara PLCC, sashen yaƙi da masu damfara ta intanet.

Sai ku masu komawa gida da damina. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani na iya sayar wa wani. Sabon mai layin zai iya buɗe WhatsApp da lambarku, masu bashinku su tura masa kuɗi suna zaton ku ne. Kafin ku hau mota, ku kwashe kuɗin asusun, ku sauya lambar a cikin WhatsApp, ku sanar da abokan ciniki.

Allah Ya kare dukiya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.