Rawar Sanyi Bayan Tiyatar Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Masu Jinya Su Sani

 

Idan rashin lafiya ya yi tsanani a gida, gidajenmu ne masauki. Daga Zango a kai mutum Daura, daga Daura a tura shi Katsina, in kuwa ciwon na cikin kai ne, ƙarshenta sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mu ne masu kwana a baranda. Saboda haka muka zaɓi yin magana a kan wani abu da yake tayar wa masu jinya hankali, wato makyarkyatar da majinyaci kan yi bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata.

Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ne yake tsare shi. Maganin sa barci yana kwantar da wannan mai gadi. Cikin sa'a ta farko kawai, jiki kan yi asarar digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ga sanyin ɗakin, ga ruwan da ake ƙara masa. Ban da wannan, akwai lokacin da likitoci ke sanyaya jikin da gangan. Dalilinsu shi ne, duk digiri ɗaya da jiki ya sauka, buƙatar ƙwaƙwalwa ga iskar oksijin tana raguwa da kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Ƙwaƙwalwar da ta yi sanyi ta fi jure tsaikon jini, musamman idan ana aikin ɗaure jijiyar da ta yi kumburi kamar balan-balan har tana neman fashewa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Amurka, Temple Fay, ya jarraba ta tun wajen 1940. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba ta cika duk burin da aka ɗora mata ba. A 2005 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna IHAST, wanda ya haɗa majinyata 1,001 da jijiya ta fashe musu a ka. An sanyaya rabinsu zuwa digiri 33, an bar sauran a 36.5. Kashi 66 cikin ɗari na waɗanda aka sanyaya sun warke sosai, kashi 63 kuma na ɗaya ɓangaren, bambancin da masana ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Don haka kada wani ya ji an ce ba a yi wa ɗan'uwansa wannan ba, ya zaci an rage masa wani abu, balle ya sayar da gonar gado don nemanta a ƙasar waje.

To, da maganin barci ya saki, sai mai gadin nan ya farka ya tarar da jiki a sanyaye, ya umurci tsoka ta yi rawa don ta samar da ɗumi, kamar dai yadda take yi mana da asubahin hunturu. A wurin mai lafiya wannan rahama ce. A wurin wanda aka buɗe wa kai kuwa, nauyi ne: tana iya ninka oksijin da jiki ke ci, ta ɗaga bugun zuciya da hawan jini, ta ƙara matsi a cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa ma'aikata ba sa barin ta. Sukan lulluɓe shi da bargo mai hura iska mai ɗumi, su ɗumama ruwan da ake ƙara masa, su ba shi oksijin, in ta ƙi lafawa su yi masa allura irin su fetidin kaɗan. Wanda aka daɗe ana sanyaya shi kuma a hankali ake mayar masa da ɗumi, wajen rubu'i zuwa rabin digiri a sa'a, domin gaggawa na iya kumbura ƙwaƙwalwa.

A nan ne namu aikin yake, kuma a nan muke yawan kuskurewa saboda ƙauna. Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya nufi kyamis. Wata za ta ce iskoki ne. Wani ya cusa gorar ruwan zafi a ƙarƙashin bargo, alhali fatar da ba ta gama farfaɗowa ba ba ta jin ƙuna. Mafi haɗari shi ne ɗura masa shayi, ko kunu, ko rubutu. Wanda bai wartsake ba haɗiyarsa ba ta dawo ba, abin da aka zuba masa huhu zai nufa. Addu'a a yi ta a tofa, amma sha ya jira izinin likita.

Mu kuma iya rarrabewa. Mai rawar sanyi yana jin kira, yana amsawa, rawar kuma takan lafa idan ya ji ɗumi. Idan kuwa ido ya kafe, ko ɓangare ɗaya ne ke fizga, ko aka kira shi bai amsa ba, to wannan ya fi kama da farfaɗiya, a ruga a kira nas nan take. Haka kuma rawar da ta zo bayan kwana biyu ko uku tare da zafin jiki, domin tana iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko rauni.