Bayani a Kan Kalmar Kamfani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, an tambaye ni ma'anar kamfani, ga abin da ya sawwaƙa.

Ku sani kalmar baƙuwa ce, daga bakin Turawan Ingila muka karɓe ta. Masu sanin harshensu sun ce asalinta mutanen da ke cin gurasa tare. Kamfanin Neja ya sami takardar mulki daga Ingila a 1886, aka karɓe ta a 1900, ya tsaya ga ciniki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, kalmar ta zauna a bakin talaka.

To kamfani shi ne tarayyar dukiya domin neman riba. Kanti kuwa ɗakin sayarwa ne kawai. Taron da aka kafa domin gina masallaci ko ciyar da marayu, sunansa ƙungiya. Kada ku kira ta kamfani, kada kuma mai neman riba ya sa rigar ƙungiya ya karɓi sadakar mutane.

Littattafanmu sun riga shi. Ku duba babin ciniki a Risala, za ku ga sharika da ƙiradi. A sharika, riba da hasara gwargwadon jarin kowa ne. A ƙiradi, ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya yi fatauci, a yanka rabo sananne, rabi ko sulusi. In an faɗi ba da sakaci ba, mai dukiya ya ɗauki hasara, mai aiki ya tashi da wahalarsa.

Nan ne nake jan kunnenku. Larabawa suna da ribhu, mai ha ƙarami, ita ce ribar ciniki, halas ce. Suna da riba, mai alif, ita ce kuɗin ruwa, haramun ce. Bakin Bahaushe ya kusa haɗa su. Wanda ya ce maka kawo dubu goma, kowane wata ka karɓi dubu, jarinka kuma ba ya taɓuwa, bashi ne da ƙari, ko da ya rubuta kamfani a ƙofarsa.

Saboda haka kafin ka zuba kuɗinka, yi tambaya uku. Me suke sayarwa? Yaya ake rabo? Wa ke ɗaukar hasara?

Allah shi ne masani. Wassalamu alaikum.