Dokar Ƙwace Lasin Direban Da Ya Yi Tuƙi Cikin Maye

(Jawabi ga direbobi da 'yan acaɓa da matafiya masu cin kasuwannin ƙauye)

Jama'a, lasin tuƙi shi ne gonar direba. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da iyali. Amma ba gonar gado ba ce. Hukuma ce ta ba shi aro bisa sharaɗi, kuma ran da ya karya sharaɗin tana da ikon karɓe abinta. Babban sharaɗin kuwa shi ne kada ya riƙe sitiyari sai yana cikin hankalinsa.

A shekarar 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Cikin laifuffukan da dokar ta jera akwai tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya. Tarar da aka yanka masa a 2007 Naira 5,000 ce. Wani direban zai yi dariya ya ce ai wannan ko kuɗin lodi ɗaya bai kai ba. To, ba a tarar gizo ke saƙa ba. Kowane laifi yana da maki da ake rubuta wa mai lasin, kamar yadda mai kanti ke rubuta bashi. Tuƙi cikin maye maki 5 ne, tuƙin ganganci maki 10. Wanda makinsa ya kai 10 zuwa 14, a ba shi takardar gargaɗi. Daga 15 zuwa 20, a dakatar da lasinsa. Daga 21 kuwa, a ƙwace shi.

A yi lissafi a gani. Direban da aka kama cikin maye sau ɗaya, aka sake kama shi da tuƙin ganganci sau ɗaya, ya tara 15 ke nan. Sai ya ajiye mota. Mai mota ba zai jira shi ba, wani zai miƙa wa makulli. Wannan fa in ba a yi haɗari ba. In an yi rauni ko an rasa rai, magana ta koma gaban alƙali, inda ake batun gidan yari.

Akwai masu cewa su ba sa shan giya, don haka dokar ba ta shafe su ba. Kuskure ne babba. Dokar ta ambaci ƙwaya tare da giya. Tiramol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, duk suna ciki. Direban dogon zango yakan haɗiyi ƙwaya wai don ya kori barci. Ido yana buɗe, amma kai ya riga ya gaji. Sai ya ga tirelar da ke tafe kamar tana nesa, ya fita zai wuce ta gabansa a kan kwana. Kodin kuwa sanyaya jiki yake yi, kafin ƙafa ta kai ga burki akuya ko yaro ya riga ya shiga ƙarƙashin mota.

A Ingila ba sa jiran maki ya taru. Tun 1967, zamanin da wata mata mai suna Barbara Kasil take ministar sufuri, aka yanka iyakar giyar da za a samu a jinin direba, aka ba 'yan sanda na'urar da ake busawa. Wanda kotu ta kama da laifin zai rasa lasinsa na aƙalla wata 12. In ya sake cikin shekara 10, aƙalla shekara 3. A 2015 suka yanka wa ƙwayoyi tasu iyakar. Tsarinmu ya fi nasu sassauci, kuma gaskiya ba kowane laifi ke shiga littafi ba, musamman a hanyoyin karkara inda ba a cika ganin jami'i ba.

Sai dai tsohuwar dabarar nan ta tsallaka wata jiha a yanko sabon lasin ta yi wuya. Yanzu lasin ɗaya ne a duk ƙasa, da hoto da zanen yatsa a kwamfuta. Wanda kuma ya ci gaba da tuƙi bayan an karɓe lasinsa, sabon laifi ya ƙara.

Shugabannin tasha da 'yan kamasho sun fi kowane jami'i sanin wanda ke sha, don a gabansu ake saye. Suna da ikon hana shi lodi. Fasinjan da ya ga direba yana haɗiyar ƙwaya, ko ya ji warin giya a bakinsa, ya sauka tun a tasha ya gaya wa shugaban layi. In kuwa an riga an hau hanya, lambar hukumar ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.