Yadda Masu Baje Koli Za Su Saba Da Juna

  

Waɗansunku sun yi niyyar kai kayansu baje koli. Yadda za ku yi ciniki da mai saye kuwa, kun fi ni sani, ba zan ce kome ba. Maganata yau a kan mutumin da ke rumfa ta kusa da taku ce.

Bari in fara bayyana wurin, saboda wanda bai taɓa zuwa ba. Baje koli kasuwa ce ta 'yan kwanaki, inda masu sana'a da kamfanoni ke kama rumfa su nuna abin da su ke yi. Na Ikko an fara shi a 1977. Na Kaduna ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke shirya shi, a wani babban fili kan hanyar Zariya, a 2019 a ka yi na 40. A kan yi wajen kwana 10 ana ci. Kano ma tana da nata, a titin Gidan Zu. Mutane kan zo daga jihohi dabam dabam, har da ƙasashen waje.

To, ga abin da ke faruwa. Mutum ya biya kuɗin rumfa, ya biya kuɗin mota, ya biya na masauki da na abinci. Ya shimfiɗa kayansa, ya zauna ya zuba wa hanya ido. Maƙwabcinsa na dama ya zo daga Bida, na hagu daga Maraɗi. Kwana 10 ba abin da ke shiga tsakaninsu sai "ina kwana" da "sai da safe". Ranar tashi kowa ya ɗaure kayansa ya kama hanya. Watakila abin da na Bida ya shekara yana nema yana cikin buhun na Maraɗi, ba wanda ya sani. Mai saye da ya tsaya gabanka zai sayi takalmi ƙafa ɗaya ya wuce, ba lalle ka sake ganinsa ba. Amma mai rumfa ɗan'uwanka ɗan kasuwa ne, in kun saba yana iya sarar kayanka kowane wata, ko ya nuna maka inda za ka sami fata da araha.

Kakanninmu sun san wannan. Sa'ad da fatake ke tafiya Gwanja sayen goro, su kan yi watanni a hanya kafin su kai Salaga, wadda ke cikin ƙasar Gana ta yanzu. Babbar kasuwar goro ce a dā, a 1892 kuma yaƙin sarauta ya watsa garin. Falke ba ya isa ya shiga kasuwa kai tsaye. Zai sauka a zango wurin mai gida. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya ce da mai goro, "Wannan baƙona ne, na san shi." Da wannan kalma ɗaya baƙunta ta ƙare. A filin baje koli ba mai gida. Saboda haka tilas ku yi wa kanku wannan aiki, kuma akwai dabarun yinsa.

A ƙasashen Turai masu shirya irin wannan taro su kan sa mutane wasanni don su saki jiki. A cikin wasannin akwai na jefa wa juna ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunansa. A ganina wannan bai dace da mu ba. Ka ce dattijo mai furfura ya tashi ya cafe ƙwallo gaban yaransa, ai ka kore shi ke nan, gobe ba zai zo ba. Abin da ya ke hana mu magana da baƙo kunya ce da tsoron raini. Dabarar da za ta yi mana amfani ita ce wadda ba ta zub da girman kowa.

Wadda na fi so ita ce wannan. Ranar da a ka gama shirya rumfuna, da la'asar, mutanen layi ɗaya su taru a kan tabarma. Kada su wuce 10 ko 12, don in an yi yawa sai masu baki su cinye taron. Kowa ya zo da abu ɗaya daga cikin kayansa. A zauna biyu biyu, amma kada ka zauna da ɗan garinku. A ba ku minti 5, ka tambayi abokin zamanka sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da wanda ya koya masa ita. Shi ma ya tambaye ka. Sa'an nan ka ɗauki kayansa ka nuna wa jama'a, ka ce, "Wannan Malam wane ne, daga gari kaza, ga abin da hannunsa ke yi." Shi kuma ya ɗauki naka. Kun ga hikimar? Bahaushe ba ya son yabon kansa. In ka ce ya tashi ya faɗi kyaun aikinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ana dai taɓawa." Amma in aikin wani ne, zai yabe shi da baki cike. Wanda ka yabi aikinsa gaban mutane kuwa ba zai manta da fuskarka ba. Har wa yau, tilas ka saurara da kyau, don ka san za ka maimaita abin da ka ji.

Bayan wannan sai a zo kan abin da ke kawo kuɗi. Kowa ya faɗi abu biyu, abin da ya ke da shi da abin da ya ke nema. A rubuta a kan takarda mai kauri da manyan baƙaƙe, a rataye a bakin rumfa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, maƙwabci ya rubuta masa, nan ma hira ta samu. Yawancin mutane su kan iya faɗin abin da su ke sayarwa, amma ba su faɗin abin da su ke nema, don gudun kada a ce sun kasa. Alhali kuwa nan ne sana'o'i ke haɗuwa. Ku dubi fata. Majemi yana neman fata daga mahauci, yana neman bagaruwa daga mutanen ƙauye don jima. Baduku yana jiran majemi. Mai sayar da jaka a birni yana jiran baduku. Ku dubi gyaɗa kuma. Mai matsar mai tana da tunkuza, mai kilishi kuwa da tunkuza ya ke haɗa labunsa. Mai zoɓo tana neman kwalba, mai zuma yana neman wanda zai buga masa takardar manna wa kwalbar. In an karanta takardun nan a fili, sai shugaban taro ya tambaya, "Wa ke da abin da wane ke nema?" Ko ba wanda ke da shi a layin, da wuya a rasa wanda ya san mai shi.

In an ga taro ya yi nauyi, ana iya sa ɗan wasa. A zuba kanumfari, da masoro, da kimba, da daddawa, kowanne cikin ƙyalle, a ƙulle. Mutum ya shinshina ya faɗi ko mene ne. Ba wanda zai ji an raina shi, don gwanintar sana'a a ke gwadawa.

Muna kuma da wani abu namu tun na dā, watau barkwancin taubasai. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe. Da zarar an faɗi garuruwa sai ka ji wani ya ce, "Ashe bawana ne ke kusa da ni!" Nan da nan kowa ya fashe da dariya. A Nijar ana ji da wannan al'ada ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya abin kiyayewa a 2014. Amma ku yi hankali. Baƙon da ya zo daga Masar ko Indiya bai san wannan wasa ba, zai ɗauka zagi ne. Yaro kuma ya bari babba ya fara.

Iyayenmu mata, ku ma kada a bar ku a baya. In zama cikin maza zai hana ku sakewa, ku yi taronku dabam, daga baya wakiliya ɗaya ta kai takardunku wurin taron layi a karanta. Ba tilas a yi musafaha ba, gaisuwar baki ta isa. In akwai wanda ba ya jin Hausa, a nemi tafinta a zaunar da shi kusa, kada a bar baƙo yana kallon bakin mutane.

Zaman tabarma na yini ɗaya ba ya isa. Ku yi yarjejeniya da maƙwabcinku, kowace rana ya jira maka rumfa awa ɗaya, kai ma ka jira masa. Lokacin da rana ta take, masu saye sun ragu, ya fi dacewa. Cikin awar nan ka zaga layin da ba naka ba, ka gaida mutum 3 da ba ka sani ba. Ka riƙe goro ko dabino a aljihu. Kada ka fara da tallar kayanka, ka fara da tambayar nasa. Cikin kwana 10 ka san mutum 30 ke nan. Shi kuma wanda ya jira maka rumfa ya koyi farashin kayanka, in ya koma garinsu a ka tambaye shi, ya san abin faɗi.

Kowa yanzu yana karɓar lambar waya, amma bayan mako biyu sai ka ga suna cikin waya ka rasa ko wane ne. Ku sami ɗan littafi. Ku rubuta suna, da gari, da sana'a, da abin da ku ka yi magana a kai. Kafin mako ya cika da komawarku gida, ku buga ku yi masa ban gajiya. In 'yan layinku sun buɗe zaure a WhatsApp, a keɓe shi don maganar kaya da farashi kaɗai, in ba haka ba sai ya cika da hotunan biki.

Saura magana ɗaya, ita ce ta bashi. Mai gidan Salaga da ya ce ya san baƙonsa, shi ke biya in baƙon ya gudu. Wanda ku ka yi dariya tare a kan tabarma ba wanda ya tsaya masa. In ya nemi kaya, a fara da kaɗan, kuɗi hannu. Ka tambayi sunan sarkin sana'arsu ko shugaban ƙungiyarsu, ka bincika. In za a yi babban ciniki, a rubuta a takarda, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.

Waɗanda za su tafi, su tsaya bayan an tashi, mu gwada zaman biyu biyun nan tun a gida. Sarkin Dukawa, da kai za mu fara.