HASKEN HOTON ASIBITI MA YANA DA MUDU

Jawabin Jami'in Watsa Labarai ga mutanen Dutse da kewaye

Yau zan yi muku bayani a kan hoton asibiti, da ma'aunin da aka aza masa domin tsaron lafiyarku.

Da yawa cikinku an taɓa aika su ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya a Asibitin Rasheed Shekoni nan Dutse, ko kuwa a Birnin Kudu. Ana ɗaukar wannan hoto ne da wani haske mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani. Wani Bajamushe, Rontgen, shi ya gano shi cikin shekarar 1895.

Akwai kuma wani iri da a ke kira hoton nukiliya. Shi wannan, allura a ke yi wa mutum ta wani magani mai fitar da hasken daga cikin jiki, sa'an nan na'ura ta bi sawunsa ta nuna halin da ƙashi, ko ƙoda, ko zuciya ke ciki. An fara wannan aiki a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Ibadan cikin 2006, sa'an nan a Asibitin Ƙasa na Abuja. Maganin da aka fi amfani da shi ƙarfinsa kan ragu da rabi kowane awa 6, watau bayan kwana guda saura kashi 1 cikin 16.

To, hasken nan kamar rana ya ke. Ranar da ke nunar da dabinon Dutse ita ce kuma ke ƙone shuka idan ta yi yawa. In hasken ya yi ta taruwa a jiki ba bisa dalili ba, ya kan ƙara haɗarin ciwon daji nan gaba, musamman ga yara. Ana auna shi da ma'auni mai suna milisibat. Kowane ɗan Adam ya kan sami wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, hoton nukiliya na ƙashi wajen 4 ne, babban hoton ciki na CT kuwa ya kan kai kusan 10.

Kun san a kasuwar Shuwarin ba a awon gero sai da mudu. Haka nan cikin 1996 hukumar masana ta duniya mai kula da tsaro daga wannan haske ta ba da shawara a yi wa kowane irin hoto mudunsa. Ga yadda a ke yi. A kan tattara lissafi daga asibitoci da yawa na ƙasa, a ga abin da kowanne ya saba ba mutum matsakaici. Adadin da asibiti uku cikin huɗu ba su wuce shi ba, shi ne mudun ƙasa. Wanda ya saba zarce shi lalle ne ya binciki na'urarsa da aikin ma'aikatansa. Wanda ya gaza ƙwarai shi ma ya duba, gama hoto mai dishi-dishi sai an sake shi, haske ya zama ninki biyu.

Mudun nan ba haddi ba ne. Likita na iya ƙara wa mai jiki, yaro kuwa gwargwadon nauyinsa a ke auna masa. Kowace ƙasa ita ke yanka nata mudun. A nan Nijeriya, sa ido kan wannan haske yana hannun Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda aka yi dokarta cikin 1995, ta kama aiki cikin 2001.

Ku ma akwai abin da ya rataya a wuyanku:

Na ɗaya, kada ku matsa wa likita sai ya yi muku hoto. Hoto ba magani ba ne.

Na biyu, ku adana tsofaffin hotunanku, ku riƙa zuwa da su, kada a maimaita abin da aka riga aka yi.

Na uku, mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa tun kafin a fara. Kunya a nan cuta ce.

Na huɗu, wanda aka yi wa allurar nukiliya ya sha ruwa da yawa, domin maganin ya fita ta fitsari.

Amma fa idan likita ya ce a yi hoto, kada tsoro ya hana ku. Ciwon da ya ɓuya ya fi ɗan hasken nan haɗari nesa ba kusa ba. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.