Ciyawa Mai Harbi: Kamanninta da Halinta

Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Kowace damina a kan kawo wa Hakimi kuka daga ƙauyuka, a ce wata ciyawa ta hana yara nome gindin katanga, ko ta kumbura wa mai yankan ciyawa hannu. Malami ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa malamin gona cewa "ƙaiƙayi ya yi yawa a gari kaza." Takarda ta isa, amma ba ta yi amfani ba, domin tsire-tsiren da ke sa ƙaiƙayi suna da yawa, danginsu dabam dabam, yadda a ke maganin kowanne kuma dabam. Suna ya kan sāke daga gari zuwa gari, amma kamannin tsiro ba su sākewa. Sabo da haka manufar wannan jawabi ita ce a bayyana kamannin ɗaya daga cikin tsire-tsiren nan filla filla, yadda duk wanda ya gan ta zai shaida ta, ya kuma iya kwatanta ta a takarda.

Sunanta da danginta

Masana ilmin tsiro suna kiranta Laportea aestuans. A nan za a kira ta ciyawa mai harbi. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya fara sa mata suna a littafi cikin 1763, ya ce da ita Urtica aestuans. Kalmar ta biyu Latin ce, ma'anarta mai zafi kamar tafasa. Daga baya aka daɗe ana kiranta Fleurya aestuans, sai cikin 1965 wani masani mai suna Chew ya mai da ita cikin jinsin Laportea. Ya kamata Malami ya riƙe wannan, don in ya buɗe tsohon littafi, kamar wanda Likita Dalziel ya wallafa cikin 1937 a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma, da tsohon sunan zai same ta.

Danginta babba ne, ana kiransa Urticaceae, iri-irinsa sun haura 2,000 a duniya. Ba dukansu ke harbi ba. Akwai wanda a ke nomawa a ƙasar Sin don zarensa, ba ya harbi ko kaɗan. Akwai kuma na Ostareliya wanda zafinsa kan yi makonni a jiki. Ciyawar da a ke magana a kanta tana cikin masu sauƙi. Tana fitowa a ƙasashe masu zafi na Afirka, da Amurka, da Asiya.

Inda ta ke fitowa

Abu biyu ta ke so, laima da inuwa, ta fi kuma jin daɗin ƙasa mai taki. Don haka a kan same ta a bakin kurmi, da gefen rafi, da lambu, da gindin katanga, da kango, da kusa da juji, har ma cikin tsagar bango ko ta dutse inda ƙasa kaɗan ta taru. Ta fi yawa inda ruwan sama ya ke da yawa. Can inda ruwa ya yi ƙaranci sai a wurare masu damshi.

'Yar shekara ɗaya ce. Ta tsiro da ruwan damina, ta yi fure, ta zub da iri, ta mutu. Saiwarta ba ta da zurfi, ba ta kuma yaɗo a ƙarƙashin ƙasa. Duk abin da zai fito baɗi daga iri ne zai fito. Wannan shi ne lagonta, za a kuwa komo kansa.

Kara da ganye

Tsaye ta ke, ba ta naɗe wani abu. Tsawonta yawanci daga gwiwa zuwa ƙugu, watau ƙafa 2 zuwa 3, amma inda ta sami taki da inuwa ta kan fi haka nesa. Karanta mai taushi ne, cike da ruwa, kore, wani lokaci da ɗan ja ja. In an karya shi ruwa ne garai ke fitowa, ba farin nono irin na tumfafiya ba.

Ganyen ba ya fitowa biyu biyu. Ɗaya zai fito nan, na gaba ya fito sama da shi ta wani gefe, sun kuma fi taruwa wajen kan tsiron. Wannan alama ce babba, domin 'yar'uwarta ta Turai, Urtica dioica, ganyenta biyu biyu su ke, suna fuskantar juna. Kowane ganye yana bisa dogon tsinke siriri. Ganyen da kansa faffaɗa ne, gindinsa a kewaye, bakinsa da tsini, tsawonsa inci 3 zuwa 8. Gefensa duka haƙora ne a jere, daidai wa daida, kamar na zarto. Yana da laushi, ba ya jure rana in an tsinke shi, nan da nan sai ya yi yaushi.

Gashin da ke harbi

Nan ne asirin ciyawar ya ke. Gashi iri biyu ne a jikinta. Akwai dogo mai ɗan kai a dunƙule, wanda ya kan cika kara da tsinken ganye; wannan ba ya harbi. Akwai kuma gajere mai tsini, wanda tsawonsa bai wuce kashi ɗaya ba in an raba inci gida 25. Shi ne mai aikin.

Tun cikin 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya duba irin wannan gashi na ciyawar Turai da madubi mai ƙara girma, ya zana shi a littafi. Abin da a ke gani shi ne, kowane gashi bututu ne mai rami a ciki. Gindinsa kumburarre ne kamar 'yar salka, cike da ruwa, yana zaune cikin wani ɗan gurbi a jikin ganye. Bakinsa kuwa ya taurare da irin sinadarin da ke cikin yashi, wanda da shi a ke yin gilashi, don haka yana da ƙarfi amma ba ya lanƙwasa. A can ƙarshe akwai ɗan mitsitsin kai da ya toshe bututun.

Da fata ta goga, sai kan nan ya ɓalle a karkace, ya bar baki mai kaifi kamar na allurar likita. Bakin ya huda fata, nauyin hannun ya matse salkar da ke gindi, ruwan ya shige jiki. Watau mutum da kansa ke yi wa kansa allurar. Gashi ɗaya sau ɗaya ya ke harbi, amma ganye guda yana ɗauke da su da yawa.

Dā an ɗauka ruwan nan irin dafin tururuwa ne kawai. Cikin 1947 masana biyu, Emmelin da Feldberg, suka gwada ruwan gashin wata 'yar dangin ta Turai, suka sami histamin da asetilkolin. Cikin 1956 aka ƙara samun na uku, serotonin. Abin mamaki, duka ukun jikin ɗan Adam ma yana yin su. Histamin shi ne wanda ke sa fata ta yi ja, ta yi rudu rudu, ta yi ƙaiƙayi. Amfanin wannan makami ga ciyawar a fili ya ke: ganyenta mai taushi ne, ba ta da ƙaya, da gashin ta ke kāre kanta daga bakin dabba.

Fure da iri

Furen ba abin kallo ba ne. Ƙanana ne ƙwarai, kore kore ko fari fari, a tattare bisa wani reshe mai rassa da ke fitowa daga hammatar ganye. Akwai fure namiji, akwai tamace, duka a jikin tsiro guda. Namijin yana da 'yan zare huɗu ko biyar masu ɗauke da garin fure, a lanƙwashe ciki kamar an ɗana baka. In sun nuna sai su miƙe farat ɗaya, su watsa garin cikin iska. Iska ce ke kai shi ga tamacen, ba zuma ba, shi ya sa furen ba ya bukatar launi ko ƙanshi. Kowace tamace ƙwaya ɗaya ta ke yi, shafaffiya, girmanta kamar ƙwayar acca. Amma furen yana da yawa, tsiro guda ya isa ya cika gindin katanga baɗi.

Kama da wane ba ta wane

Wanda aka fi rikita ta da shi shi ne karara, alhali ba su haɗa dangi ba. Karara dangin wake ce. Tana naɗe itace ta hau, ganyenta uku uku ne kamar na wake, furenta manya ne masu duhun shuɗi, suna reto. Ƙaiƙayinta a jikin kwanson 'ya'yanta ya ke. Gashin kan zube, ya maƙale a riga ko a fata, yana kuma aiki ko da ya bushe, don haka ta fi ɓarna da kaka da rani. Ciyawa mai harbi kuwa da damina ta ke aiki, tana ɗanya. In ta bushe ko ta dahu ƙarfinta ya tafi. Shi ya sa a waɗansu wurare na Afirka a kan dafa ɗanyen ganyenta a miya.

Akwai kuma na uku, jinsin Tragia, dangin zurma da rogo. Shi ma yana harbi, amma yawancinsa siriri ne mai naɗe ciyayi da ƙananan itatuwa. Tambaya uku sun isa su raba gardama. Tsaye ta ke ko naɗewa ta ke yi? Ganyen ɗaya ɗaya ne mai haƙora, ko uku uku? Ƙaiƙayin a ganye da kara ya ke, ko a kwanso?

Abin da ya kamata a yi

Na farko, wanda ta harba kada ya sosa, domin susa tana ƙara tura gashin cikin fata. A wanke wurin da ruwan sanyi da sabulu, a bar shi. Yawanci zafin ya kan lafa da kansa cikin ɗan lokaci. Amma in ta taɓa ido, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, lalle a kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba, tun ba yaro ƙarami ba.

Na biyu, Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su sa a nome ta tun ba ta yi fure ba, musamman kewayen makaranta, da rijiya, da hanyar rafi. Da ya ke saiwarta ba zurfi, fartanya ta isa. Mai tugewa da hannu ya naɗe hannunsa da tsumma mai kauri. Wadda ta riga ta yi iri kada a zuba ta a juji, don kada a kwashe ta da taki a kai gona. A tara ta, ta bushe, a ƙone. In an yi haka damina biyu ko uku a jere, za a ga ta ragu ƙwarai.

Na uku, aikin Malami ne. In zai ba da labarin wani tsiro, ya faɗi tsawonsa, da yadda ganye ya jeru, da kamannin gefen ganyen, da furen, da wurin da ya fito. In da hali ya sa a tuge guda ɗaya mai fure, har da saiwa, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da abu mai nauyi, a riƙa sāke takardun har ya bushe. Ya rubuta sunan garin, da ranar, da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da Hausa ko Fulatanci ko wani harshe, daidai yadda ya ji. Sa'an nan ya miƙa wa malamin gona. Akwai ma'ajiyar busassun tsire-tsire a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma ta ma'aikatar binciken daji a Ibadan, inda a ke gwada irin waɗannan da waɗanda aka riga aka shaida.

Sunan nan da Malami zai rubuta ba ƙaramin abu ba ne. Da irin wannan tambaya, gari gari, Dalziel ya tara sunayen tsire-tsire na Hausa ya wallafa su cikin 1916, ana kuwa amfani da aikinsa har yanzu. Tsofaffin da suka san sunayen suna ƙarewa. Abin da Malami ya rubuta bana, tare da ganyen a gefensa, shi zai rage wa na baya.

Haza wassalam.